Sitika, ofset ko katakon yanka: wanne ya dace da mai ƙaramar sana'a a Garwa da Marwa?

Duk mai sana'ar kilishi, ko yaji, ko garin kunu, ko humra da turaren wuta a Garwa da Marwa da Ngaundere ya ga inda ciniki ya dosa. Mai kanti ba ya karɓar kaya a ƙulle cikin baƙar leda, mai saye ta WhatsApp kuma hoto yake fara gani kafin ya ji ɗanɗano. Ga doka a gefe: tun watan Afrilun 2014 Kamaru ta haramta ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba (maikiron dubu ke yin milimita ɗaya), a Njamena ma tun 2010 aka tsananta hana leda. Shi ya sa kowa ya koma neman kwali da sitika, kuma tambayar da aka fi shigowa da ita shagon bugu ita ce, "Malam, wane inji zan saya?" Ni kuwa nakan mayar da tambaya: "Hajiya, guda nawa kike sayarwa a wata? Kayan naki akwai mai a jiki? Girman kwalin ya tsaya, ko har yanzu kina canzawa?" Amsar waɗannan ukun ita ce ke zaɓa wa mutum inji, ba hoton da ya gani a Facebook ba.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce a sayi mazubi fari wanda ba rubutu, kwalba ko robar murfi ko jakar takarda mai zif, a manna masa sitika. Wani Ba'amurke mai suna Stanton Avery ne ya fito da sitika mai gam a jikinta a 1935, kuma har gobe ita ce gatan mai ƙaramin jari, domin ana iya buga guda hamsin yau, gobe a canza farashi ko lambar waya a sake bugawa. Rigimar tana wajen firinta.

Firinta mai tankin tawada, irin Epson da ake gani a kowane shagon hoto, ita ce ta fi arhar bugu, launinta kuma ya fi fita. Amma tawadarta iri biyu ce, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Akwai ta rini, wadda ke narkewa cikin ruwa, akwai kuma ta gari, wadda ƙwayoyin launi ke zama a fuskar takarda. Ta rini ta fi ƙyalli ranar farko. Ɗiga mata ruwa ka murza da yatsa, sai ka ga ja ya bi fari. Bar ta a tagar shago cikin ranar Maris, kafin wata ya zagayo ta kode. Mai zoɓo ko kindirmo da ke sa kwalba a firji, da ta fito ta yi gumi sitikar ta tashi aiki. Ta gari tana jure ruwa da rana, sai dai ta fi saurin toshe kan firinta, musamman da hunturu, lokacin da iska ke bushewa ƙura kuma ke shiga ko'ina. Maganin ba wani abu ba ne: a lulluɓe injin, kuma kada a bar shi kwana uku bai buga ko shafi ɗaya mai launi ba.

Firinta mai leza ba ta da wannan ciwon. Garin tona take narkawa a kan takarda da zafin da ya kusa digiri 200, saboda haka ruwa ba ya wanke bugunta, kuma ko ta yi wata a ajiye ba ta toshewa. Aibinta uku ne. Tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, har ƙaramin injin sola ya kasa ɗaukarta. Zafin nan yana narkar da sitikar roba wadda ba don leza aka yi ta ba, gam ya tsiyayo ya ɓata cikin inji. Sannan tona a saman takarda yake zaune kamar ɓawo, in aka ninke kwali sai ya tsage a kan ninkin, farin layi ya bayyana. Don sitika shimfiɗaɗɗiya a kan kwalba, leza ta fi kwanciyar hankali. Don kwalin da za a ninke, sai an lulluɓe bugun da siririyar leda kafin a yanka.

Ƙaramar firintar nan mai buga rasit da zafi, wadda ba a sa mata tawada, kada a kuskura a yi lakabin kaya da ita a ƙasarmu. Takardarta zafi ne ke baƙanta ta. A bayan babur daga Garwa zuwa Gidar cikin bazara, kafin a isa rubutu da takarda sun zama abu ɗaya. In don ranar lalacewa da lambar kaya ne, a nemi mai amfani da ribon, wato naɗin falle mai tawada, ko a tsaya a kan hatimin hannu mai juya kwanan wata.

Ofset kuwa wata duniya ce. Asalinta bugun dutse ne da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796 a kan ƙa'idar cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa: inda za a buga yana kama tawada mai maiƙo, inda ba za a buga ba yana riƙe ruwa ya kore ta. Wajen 1904 Ira Rubel a Amurka ya lura cewa in tawadar ta fara sauka a kan roba kafin ta taɓa takarda, bugun ya fi fita tsaf. Yau farantin ƙarfe ne a madadin dutsen, kuma kowane launi da farantinsa. Hoto mai cikakken launi faranti huɗu yake ci, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma kafin launukan su hau kan juna daidai sai an ɓata takardu da yawa. Kamar tuwon biki ne: itacen da za a ƙona kafin babbar tukunya ta tafasa ɗaya ne, ko mutum goma za su ci ko ɗari biyar. Injin da aka fi samu a ƙananan maɗaba'u shi ne Heidelberg GTO na Jamus, wanda aka fara ƙerawa a 1972. Mai lamba 52 yana ɗaukar takarda mai santimita 36 da 52. In injin mai kai ɗaya ne, takarda sau huɗu za ta bi ta cikinsa, kuma da hunturu takan ɗan motsa tsakanin bugu da bugu, sai ka ga rubutu ya yi inuwa. A tambayi mai maɗaba'a kai nawa injinsa yake da shi kafin a ba da kafin alƙalami.

Ga lissafi na misali. Kowa ya cire lambobina ya sa farashin da aka yanka masa. A ce faranti huɗu da katakon yanka, mai wuƙaƙen da ke fitar da siffar kwali, da saita inji sun ci sefa 90,000, sannan kowane kwali 40. A ce kuma bugun dijital, wato daga kwamfuta kai tsaye zuwa firinta, da yankan fulota, injin da ke bin zanen kwamfuta, yana tashi 190 kowane ɗaya, ba kuɗin saiti. Mai son kwali 200 zai biya 98,000 a ofset, wato 490 kowane ɗaya, alhali dijital 38,000 ne kacal. A kwali 600 hanyoyin biyu sun yi kunnen doki. A 3,000 ofset ya tashi 210,000, wato 70 kowane ɗaya, dijital kuwa 570,000. Abin da lissafin bai nuna ba shi ne kuɗin da ya kwanta. Mai sayar da kwali 150 a wata, in ya buga 3,000, ya ɗaure jarinsa na wata ashirin, kuma cikin wannan lokaci gara da ɓera da laimar Agusta suna da rabonsu, lambar waya na iya canzawa, nauyin kaya na iya canzawa. A ganina, wanda ba zai cinye bugunsa cikin wata shida ba, ya haƙura da arhar ofset.

Sayen injin ofset na kai kuwa, ga mai kilishi ko turare, ba shawara ba ce. Yana son wuta mai layi uku, da ƙwararren mai tuƙa shi, da makaniki wanda watakila sai an ɗauko daga Duwala ko Kano. Wutar arewa kuma kowa ya san halinta: madatsar Lagdo mai megawat 72 ita ce uwa, in ruwan Binuwai ya ja baya ana ji a jiki, duk da tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage zafin abin.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi, kuma suka fi raina shi, wajen yanka ne.

In sitikarka murabba'i ce ko doguwa mai kusurwa huɗu, masiko ya ishe ka, wato wuƙar nan mai sauka a kan tarin takarda wadda Bafaranshe Guillaume Massiquot ya yi wa rajista a 1844. Yanka ɗaya, takarda ɗaruruwa. Ba ya yin da'ira, ba ya yin lanƙwasa, amma babu abin da ya kai shi sauri da arha. Da yawa daga masu nacewa a kan sitika mai siffar ganye ko tauraro, da sun yarda da kusurwa huɗu da sun huta.

Fulota, wato injin da ke jan ƙaramar wuƙa yana bin zanen kwamfuta, shi ne injin da nake ganin ya cancanci mai ƙaramar sana'a ya saya in har zai sayi wani abu. Na kan tebur, irin Silhouette Cameo da Cricut, suna yanka faɗin santimita 30. Manya irin Graphtec da Roland na masu shagon talla ne. Fulota yana yanka fuskar sitika ya bar takardar baya, sai ɓarewa kawai. Tsakanin na tebur ɗin biyu, ga mu nan arewa na fi karkata ga Silhouette, saboda manhajarsa tana aiki ba intanet, ta Cricut kuwa ta fi dogara da shi. Ga wani abu da ke sa sababbin hannu kuka: injin yana da ɗan ido mai karanta baƙaƙen alamu da aka buga a kusurwar takarda, da su yake gane inda zai yanka. In aka lulluɓe takardar da leda mai sheƙi, hasken yakan dawo masa, ya yi ta kai da komo yana neman alamar har ya tsaya. A manna ɗan salatif marar sheƙi a kan alamun, ko a bar gefen ba leda, sai ya gani. Wuƙarsa da tabarmar gam da ake ɗora takarda a kai suna ƙarewa, kuma ba a samunsu a kasuwar Garwa yadda ake samun tawada, don haka a sayo da yawa tun farko.

Fulota yana iya yanka kwali mai nauyin gram 250 ko 300 a murabba'in mita, amma a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ga kuma matsalar ninki. Kwali ba yanka kaɗai yake so ba, yana son kari, wato layin da aka danna don ya ninku ba tare da ya karye ba. Ƙaramin fulota galibi tsaga rabin kaurin kwalin yake yi ko ya huhhuda shi, wannan kuwa raunana shi ne. Don samfuri guda goma da za a kai wa mai kanti ya gani, ya yi. Don kwali 500, za ka kwana a kansa.

Aikin nan na katakon yanka ne. Labarinsa sananne ne: a 1879, a maɗaba'ar Robert Gair da ke Niyok, wani ƙarfen da ya kamata ya danna kari a jikin jakunkunan iri ya goce ya yanke su. Gair ya ga cewa in aka jera ƙarafa masu kaifi da marasa kaifi a wuri ɗaya, dannawa ɗaya za ta yanka kuma ta yi kari. Duk kwalin shayi da na magani da kake gani daga nan ya samo asali. Katakon da ake yi yau falanki ne mai kaurin milimita 18, an tsaga shi bisa zanen kwalin, an cusa siraran ƙarafa a tsagar: masu kaifi tsayinsu milimita 23.8, na kari sun ɗan fi su gajarta kuma bakinsu a mulmule. Gefe da gefen wuƙaƙen an manna soso na roba mai turo kwalin waje bayan an danna. Kamfanin Bobst na Suwizalan ya fito da injin da ke yin wannan da kansa a 1940, amma a ƙananan maɗaba'u abin da za ka tarar shi ne tsohon Heidelberg mai hannuwa biyu masu juyawa kamar farfela, wanda aka daina ƙerawa tun 1985 amma ya ƙi mutuwa. Hannu ɗaya ya ɗauko takarda, injin ya rufe ya buɗe, ya juya ya ajiye ta yayin da ɗayan ke ɗauko wata. Ƙaraminsa santimita 26 da 38 yake ɗauka, don haka a auna kwalin a shimfiɗe, da kunnuwansa da wurin gam, kafin a yi zane. Akwai kuma na Sin mai buɗe baki da rufewa, wanda mutum ke sa kwali da hannu. Yana ɗaukar babban kwali, amma ya cinye yatsun mutane da dama a duniya. Ba injin da za a bar wa yaron shago ba ne.

Abu biyu game da kari da suka shafe mu musamman. Takarda tana da jijiya, wato ɓangaren da zarenta ya kwanta. Lanƙwasa falle ɗaya ta tsawo da ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi sauƙi. Ƙwararren mai yanka yana duba wannan kafin ya jera zane, wanda bai ƙware ba kuwa yana jerawa ne yadda takarda za ta fi auki. Na biyu, bushewa. Kwali ya fi son laimar iska ta kusan rabi, kashi 50 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da 20. Kwalin da aka yanka lafiya a Duwala, in ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya bi mota zuwa Marwa, aka kwance shi aka bar shi a buɗe a watan Janairu, yana iya fashewa a kan ninki, musamman inda aka buga baƙi ko shuɗi mai duhu. A bar shi a naɗe cikin ledarsa, a riƙa ɗiba daidai na ranar, kuma tun a zane a guji launi mai duhu a kan layin ninki.

Leza mai yanka, wadda samari ke sha'awa, ita ce zaɓi mafi muni ga kwalin abinci. Ƙona take yi, bakin kwalin ya yi ruwan ƙasa yana ƙauri, kuma ba ta yin kari. Bututunta da ruwa ake sanyaya shi, a garin da zafi ke wuce digiri 40 kuwa sai an haɗa da injin sanyaya ruwa. Sitikar roba ta PVC kuma ba a sa ta a leza ko kusa, domin hayaƙinta guba ne kuma yana cin ƙarfen injin. A katako da gilashin roba da fata tana da amfaninta, amma wannan wata sana'a ce.

Sai ado: rubutu mai tudu da na zinare. Mai tudu ƙarfe biyu yake so, namiji da mace, a matse kwalin a tsakani har tambarin ya taso. Na zinare ƙarfe ɗaya ne, a ɗumama shi ya ɗan wuce digiri 100, a danna shi a kan siririn falle mai ƙyalli, ƙyallin ya rabu ya manne a inda ƙarfen ya taɓa. Ƙarfen magniziyam ya fi arha amma yana saurin cinyewa. Na tagulla ya fi tsada, yana kuma shekaru. Ga mai turare da humra, ko matan Njamena masu haɗa garin shebe na gashi da ake aikawa har Turai, ƙaramin injin zinare na hannu da ƙarfen tagulla ɗaya ya fi musu bugu mai launi huɗu. A sayi kwali baƙi ko ruwan ƙasa wanda ba rubutu, a danna suna da zinare, ya fito kamar na Dubai, kuma guda ashirin ma ana iya yi. Dukawan Marwa da ƙarfen nan guda za su iya danna tambarinsu a jikin jaka da takalmi, ko ba zinare. Sharaɗinsa kada rubutu ya yi ƙanƙanta, domin zinare yakan cike cikin haruffa. Mai yaji ko garin kunu kuwa, wanda ribarsa a kowane ƙulli ba ta taka kara ta karya ba, wannan ado ba nasa ba ne.

Fulekso, wato bugun roba mai laushi a kan leda ko takardar da ke naɗe a gammo, shi ne na ledar ruwan sha da manyan kwalayen ɗaukar kaya. Da kilo ake ciniki, ba da guda ba, kuma masana'antunsa suna Duwala da Legas da Kano. Wanda bai da injin cika leda da liƙewa, bai kai nan ba tukuna. Serigirafi kuma, inda ake matsa tawada ta cikin yadi mai ƙananan huji, yana da kyau a kan buhu da jakar yadi da jakar takarda, launi ɗaya ko biyu, ba ya bukatar wuta, kuma kusan kowane gari akwai mai yi.

Kowace hanya aka bi, kilishi da ƙuli-ƙuli da duk abu mai maiƙo kada su taɓa bugu. Mai yana jawo tawada, kwalin da aka yi da tsohuwar takarda ma yana ɗauke da ragowar tawadar jarida. A sa leda mai kauri ta abinci ko takarda mai hana mai a ciki, kwalin ya zama riga kawai.

Masu kai aiki ƙetare, Yola ko Kano ko Shomolu ta Legas saboda arhar naira a kan sefa, su lura da rubutu. Alamun saman haruffan Faransanci sukan zube a kwamfutar da ba ta saba da su ba, haka ƙ da ɗ da ɓ na Hausa da Fulatanci, sai ka ga akwati a maimakon harafi. Larabcin da kayan Cadi ke bukata ya fi haɗari, domin wata manhajar takan rarraba haruffan ta jera su daga hagu. A ce wa mai zane ya mayar da rubutun duka zane kafin ya fitar da PDF, ya kuma bar rarar launi ta milimita 3 a bayan layin yanka. A sa sunan kaya da abubuwan da aka haɗa da nauyi da ranar lalacewa da adireshin mai yi, irin abin da hukumar ANOR mai kula da ingancin kaya a Kamaru ke dubawa, kuma ya fi aminci a rubuta da Faransanci da Ingilishi. In akwai lambar sanda-sanda ta kanti, baƙi a kan fari za a buga ta. Ja a kan fari na'ura ba ta gani, a kan zinare ma haka.

Katakon yanka da ƙarfen tagulla da ka biya kuɗinsu naka ne. A rubuta haka a rasit tun ranar ciniki, ka karɓi fayil ɗin zanen katakon tare da su, don in ka canza maɗaba'a kada a ce sai ka sake biya.